Gandu da Gayauna a Faifan Baffa

Baffa ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, bayan jinyar da ta gajiyar da shi ta gajiyar da mu. Ƙanin mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton fasfo ko buga takarda a Gaya ya san shagonsa, ko da bai san sunansa ba, domin shi ne tsohon nan mai faɗa da ke hana a taɓa fuskar kwamfuta da yatsa.

Ni a cikin gida nake tare da mata, don haka abin da maza suka ce a ƙofar gida maigidana ne ya kawo mini. Ya ce mai shayin da ke jikin shagon ya zauna har aka yi azahar, sannan ya tambayi na kusa da shi wa zai riƙa kushe masa shayi yanzu. Limamin unguwa ya yi shaidar sahu. Abokan ritayarsa sun ce mutum ne mai taurin kai, suka faɗa da murmushi kamar yabo suke yi. A cikin gida kuwa wata mata daga Kademi, wadda babu wanda ya san ta a cikinmu, ta shigo ta durƙusa ta yi kukan da ya fi na 'ya'yansa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da na zauna kusa da ita cewa ta yi, "To, ya huta da wannan faifan nasa." Ta faɗa da haushi.

Mahaifina ya zo daga Ajingi tun kafin a yi wanka. An ce ya zauna a bakin tabarma yana karɓar gaisuwa, yana gane mutane da muryarsu, domin yanar ido ta rufe masa gani kuma ya ƙi yarda a yi masa aiki. Mutane suna gaishe shi suna satar kallonsa. Kowa ya san cewa shi da marigayin sun shekara da shekaru ba abin da ke haɗa su sai sallama da amsa sallama.

Na zauna rubuta wannan ne don na ga yadda ake saurin taƙaita mutum. Kafin sadakar uku Baffa ya koma kalma biyu a bakin jama'a, mai faɗa, mai kirki. Ni kuwa na zauna a shagonsa shekaru, na ci faɗan, na ga kirkin, kuma na san akwai saura.

Sunan kakata aka sa mini, mahaifiyarsu, saboda haka daga Baba har Baffa babu mai kama sunana, Uwata suke ce mini. Da aka kawo ni aure Gaya, na kama koyarwa, shagon Baffa ya zama wurin da nake yada zango in an tashi daga makaranta. Ya yi shekaru yana aiki a wata maɗaba'a a Kano kafin ya dawo gida, a can ya koyi kwamfuta tun tana baƙin allo da farin rubutu, kuma bai taɓa yarda cewa an samu ci gaba bayan nan ba. Linzamin kwamfuta yana gefe ƙura ta rufe shi. In zai yi aikin da ya ɗauka da muhimmanci sai ya buɗe baƙin allon ya rubuta umarni da yatsa biyu, yana cije leɓe. Kuma duk wanda ya kai yatsa kan gilashin don ya nuna hotonsa, ko ɗan majalisa ne, zai ji, "Malam, da baki ake nunawa." Sai ya ciro ƙyallensa daga aljihu ya goge wurin a gaban mutum, a hankali, don mutum ya ji kunya sosai.

Faifan da Inna ke jin haushi wani ɗan baƙin akwati ne da ke ƙarƙashin tebur, a kan bulo, don kada ruwa ya taɓa shi in damina ta yi ɓarna. Kullum da yamma kafin a rufe shago kwamfutar kan buɗe sabuwar folda a cikinsa, ta zuba duk abin da shagon ke riƙe da shi a wannan rana. Amma ba ta sake kwafar abin da bai canza ba. Sai dai ta rubuta sunansa a sabuwar foldar, ta nuna inda yake tun da. Ta haka hoto ɗaya zai bayyana a foldoji da yawa alhali wuri ɗaya ya ci, kuma ba ya ɓacewa sai an goge folda ta ƙarshe da ke riƙe da shi. Inna ta sha jiran cefane saboda wannan faifan, domin Baffa ba ya tashi sai fitilarsa ta daina ƙiftawa.

Ranar Juma'a da safe yake yin abin da yake kira awo. Zai aika a kawo shayi, ya kurɓa, ya ce ruwan wanki ne, sannan ya buɗe baƙin allon ya rubuta umarnin awon, wato du -sh, ya bi shi da sunan foldar yau, ya sa alamar tauraro don sauran su biyo baya. Daga nan sai jira. Faifan ya yi ta gurnani, layuka suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace folda da nauyinta. Na farko kan fito da ƙaton nauyi, sauran kuwa 'yan ƙanana.

Wata rana na yi masa karambani. Na auna wata tsohuwar folda ita kaɗai, na ga ta kusa cika faifan, na ce masa ga ɓarauniyar wuri nan, a goge ta a huta. Ya dube ni ta saman tabarau kamar na zubar masa da mutunci.

"Uwata, ke 'yar manoma ce ko kuwa? Je ki Ajingi ki tare ubanki shi kaɗai, ki ce ina gonarka, zai nuna miki gandu gaba ɗaya. Ki tare ni ni kaɗai, gandun nan dai zan nuna miki. In kika haɗa lissafi sai ki ce gona biyu ce. Amma ki jera mu tare ki tambaya, na farko ya ɗauki gandu, na biyu ba abin da ya rage masa sai gayaunarsa. Tare ake auna su. Kuma ki fara da ta yau, sai kowace tsohuwa ta nuna miki abin da ita kaɗai ta riƙe, wanda yau ba ta da shi."

Ya ce in ka goge tsohuwar folda ba ka samun wuri sai daidai gayaunarta, kuma gayaunar nan ita ce abin da babu shi a ko'ina kuma. Shi ya sa in faifan ya cika yakan daɗe yana kallon layukan kafin ya zaɓi wadda zai sallama. Na sha ganinsa ya rubuta umarnin gogewa, ya ɗaga yatsa, ya fasa, ya tafi masallaci.

Akwai wani sakaci nasa da ya ƙi gyarawa har ya mutu. Ɗan batirin agogon kwamfutar ya mutu tun da daɗewa, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ta koma wata shekara da ba a haifi rabin garin ba. Foldojin kuwa da kwanan wata take sa musu suna. Sai ya zamana sunayen duk shirme ne, ta bara tana iya zuwa gaban ta shekaranjiya, babu mai gane tsohuwa da sabuwa. Na yi magana har na gaji. Yakan ce shi ba da suna yake gane su ba, da nauyi yake gane su, in na matsa ya ce in je in gyara agogon makarantarmu tukuna.

Matar nan ta Kademi, da kukanta ya lafa, ta ba mu labarinta. Ɗanta ya zo shagon ya ɗauki hoton jarrabawa, bai kai ga zana ta ba ciwo ya ɗauke shi. Bayan shekaru ta ji fuskarsa tana gushe mata, ta hau babur ta zo Gaya tana tambayar mai hoto. Ba ta san rana ba, ba ta san wata ba, ta dai san lokacin girbin gero ne. Hotunan wannan shekarar an daɗe da share su daga kwamfutar. Baffa ya yi mata faɗa a kan me ya sa sai yanzu, ya zaunar da ita a benci, ya rufe shago ga kowa, ya wuni yana bin tsofaffin foldoji har ya samo yaron. Ta ce da ta kai hannu za ta shafa fuskar ɗanta a gilashin, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya rufe, ya juya yana neman abin da bai ɓace ba a cikin durowa. Da ta tafi ne, na tabbata, ya ciro ƙyallen.

Yanzu sai rigimar, domin ba zan rubuta Baffa in tsallake ta ba.

Baffa ya ɗauki hotunan kakata da yawa, a lokacin da ita ba ta ɗauki kyamara a bakin komai ba. Akwai wani da ya ɗauke ta a tsakar gida a Ajingi tana ɓarar gyaɗa, ɗankwalinta ya zame, furfurarta a waje, ta buɗe baki tana dariya har ana ganin giɓinta. Da ta rasu, wani daga cikin dangi ya kwashi hoton daga shagon ya sa a waya da saƙon ta'aziyya. Kafin a share makoki hoton ya zaga Ajingi da Gaya, har masu faci a bakin tasha suna da shi. Baba ya gan shi a wayar wani da bai ma sani ba. Uwarsa, wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa babu mayafi, ga ta kai a buɗe a hannun kowa.

Ina shagon ranar da ya zo. Bai zauna ba. Ya ce a goge duk wani hotonta a gabansa, Baffa kuwa bai yi musu ba, domin shi ma abin ya ci masa rai. Ya goge su daga kwamfutar, Baba yana tsaye yana kallo. Da Baffa ya yi shiru a nan da magana ta ƙare. Amma shi ba ya iya barin mutum cikin rashin sani, sai ya nuna ƙarƙashin tebur ya ce akwai ajiyar jiya a cikin wancan, kuma ita ba zai taɓa ba. Baba ya ce a matsayinsa na babba ya ba da umarni. Baffa ya ce, "Yaya, ni ma uwata ce." Baba ya sa takalminsa ya fita, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Daga ranar na zama 'yar aike. Suna, biki, rabon amfanin gandu, rashin lafiya, duk ta bakina suke bi. Baba zai ce in gaya wa wancan na Gaya, Baffa zai ce in gaya wa babban Ajingi. Na ci ƙurar hanyar nan a bayan babur har na san kowane rami. Tsofaffi biyu masu furfura, kowanne yana kirana uwarsa, kowanne ya fi ɗan yaye rigima. Na ji haushinsu duka biyun, kuma har yau ban huce gaba ɗaya ba. Baffa bai sake buɗe hotunan a gaban kowa ba, bai sake maganarsu ba. Faifan ya cika sau da yawa bayan nan, ya sallami foldoji da yawa, kuma ban taɓa tambayarsa ko ta kakata tana cikin waɗanda suka tafi ba.

Washegarin sadakar uku babban ɗan Baffa, wanda nake kira Yaya, ya aiko a kira ni shago. Shi zai ci gaba da riƙe wurin, kuma ya tarar ajiyar ta tsaya tun Baffa yana kwance, saboda faifan ya cika maƙil. Ya bi foldojin ɗaya bayan ɗaya yana duba nauyinsu, kamar yadda ni ma na taɓa yi, ya ga kowacce ta kusa cika faifan ita kaɗai. Ya ce wannan lissafin ba na lafiya ba ne, faifan ya rikice, ga shi yana wani ƙas-ƙas da ba ya yi a da. Shawararsa a wanke shi gaba ɗaya a fara sabo, domin lokacin rajistar ɗalibai ya matso kuma aiki ba zai jira makoki ba. Ban ga laifinsa ba. Idonsa ya faɗa, iyali sun dawo kansa, ba shi da lokacin gandu da gayauna. Na roƙe shi ya ba ni zuwa la'asar, ya ba ni mukulli ya koma wurin baƙi.

Ban kai ga zama ba na ji sallama. Baba ne, wani mai babur ya sauke shi a bakin ƙofa, yana lalube da sandarsa. Rabonsa da shagon nan tun ranar da ya bar ruwa a kofi. Yanzu shi ne babba babu mai ce masa ni ma uwata ce, kuma na ɗauka ya zo ƙarasa abin da ya fara. Na kama hannunsa na zaunar da shi a bencin masu jiran hoto.

"Uwata, abin nan nasa na ƙarƙashin tebur yana nan?"

Na ce yana nan.

"Ita fa?"

Na ce ban sani ba, Baba, sai na auna. Ya ce in auna. Bai faɗi abin da zai yi da amsar ba, ni ma ban tambaya ba.

Na buɗe baƙin allon. Na rubuta umarnin yadda Baffa ke rubutawa, foldar yau a gaba, tauraro a baya. Faifan ya ɗauki gurnani, yana yi yana wannan ƙas-ƙas ɗin, kowane ƙas sai na ji kamar daga shi ba zai ƙara ba. Layin farko ya daɗe kafin ya fito da ƙaton nauyinsa. Sauran suka fara biyowa, ƙanana, ƙanana, wata ma kusan babu komai. Mai shayi ya leƙo, ya ga wanda ke zaune, ya koma ya kawo kofi ya ajiye kusa da Baba. Zafi ya cika shagon. Na gaji har ƙashina, gajiyar jinya da ta makoki da ta shekarun aike, na ji ko me ya fito ni dai a gama.

Can ƙasa, tsakanin wasu foldoji biyu marasa nauyi, wata ta fito da gayaunar da ta fi ta kowa nesa ba kusa ba. Sunanta shirmen agogo ne kamar sauran. Duk cikar da faifan ya yi ta yi, ita ce wadda gogewarta za ta fi ba Baffa wuri, kuma kowace Juma'a yana ganinta a layi yana tsallake ta.

Na buɗe. Kakata tana ciki, duk hotunanta.

Baba ya ce ya ji faifan ya yi shiru. Na ce tana nan, Baba. Ya tambaya har da wancan ɗin, na ce har da shi. Ya ce in buɗe shi, ya miƙe da kyar, na kawo shi gaban tebur na zaunar da shi a kujerar Baffa. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Sannan ya ja da baya.

"Haske kawai nake gani. Ina fuskarta take?"

Na kama yatsansa na ɗora a kan kuncinta. Ya bar shi a wurin. Ya ce in gaya masa abin da ke ciki, na gaya masa, tabarma, ƙwaryar gyaɗa, ɗankwalin da ya zame, furfura, dariyar da giɓin. Ya ce ya manta tana da giɓi. Sannan ya tambaya a hankali ko shi wancan na Gaya yana cikin hoton.

"Ba ya ciki, Baba. Shi ya ɗauka. Shi take yi wa dariyar."

Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba, ko ranar da aka binne ta, ko ranar Laraba. Ranar nan ma ba sauti ya yi ba, ruwa ne kawai ya bi gemunsa, yatsansa yana kan gilashin. Daga baya ya ce kada a goge, kada kuma a tura wa kowa, kuma in nemo wani akwatin a zuba ta ciki tun kafin wannan ya mutu. Ya lalubo kofin shayin ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya shanye.

Na kwashe ta zuwa wani akwatin a ranar, kafin la'asar, na nuna wa Yaya foldojin da zai iya sallama. Na raka Baba ya hau babur. Da na dawo rufe shago na ga shatin yatsansa a kan gilashin, daidai inda kuncinta yake. Ƙyallen Baffa yana cikin durowa, na gan shi, na mayar da durowar na rufe.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa faɗansa da taurin kansa, Ya sada shi da uwar da ya ƙi gogewa. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu gama da juna lafiya tun idanunmu suna gani.